Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu a kan Tom da Dick Smothers

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa da ke nan Kumasi. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, kuma tambayar da ka rufe ta da ita ce ta sa na zauna na yi maka wannan dogon rubutu, wato ko an taɓa samun mutum biyu masu haɗa waƙa da barkwanci waɗanda suka tsufa tare a sana'ar ba tare da sun raba gari ba. An samu. Waɗanda na fi sanin labarinsu su ne Tom Smothers da ƙanensa Dick, mutanen Amurka, waɗanda suka fara wasa a gaban jama'a a 1959, ba su ajiye yawon wasa ba sai a 2010, shekara 51 ke nan.

An haifi Tom a 1937, kuma ratar da ke tsakaninsa da Dick ba ta kai shekara biyu ba. Mahaifinsu hafsan soja ne wanda ya rasu a 1945 yana fursunan yaƙi a hannun sojojin Japan, don haka a gaban mahaifiyarsu suka tashi a jihar Kalifoniya. Sun yi karatu a kwalejin San Jose, kuma a watan Fabrairun 1959 suka sami aikinsu na farko a wani ɗan gidan shaƙatawa na San Faransisko mai suna Purple Onion. A lokacin waƙoƙin gargajiyar Amurka suna tashe a wurin matasa, kuma masu rera su sun ɗauki abin da matuƙar muhimmanci: mawaƙi zai tsaya ya murtuke fuska, ya yi dogon bayani a kan asalin waƙar da wahalar da kakanni suka sha, sannan ya fara rerawa. Wannan ɗaure fuskar ce 'yan'uwan biyu suka mayar abin dariya, kusan yadda 'yan kama suke aron muryar malami mai karatu su karkatar da ita ga zancen tuwo da miya.

Ga yadda wasan yake. Tom yana riƙe da jita, Dick yana tsaye da babban gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Sai su ɗauko waƙa da murya mai daɗi, domin kuwa sun iya waƙar da gaske, har mai sauraro ya saki jiki. Ana cikin haka sai Dick ya ce wa wansa ya karɓi baiti na gaba, sai Tom ya ce ba zai karɓa ba. Kiɗa ya tsaya cak. Dick ya juyo cikin natsuwa ya shiga yi masa bayani cewa a ƙa'idar mawaƙa, idan an ce ka karɓa to dole ne ka karɓa, Tom kuwa ya zazzaro ido, ya yi ta in'ina, yana kawo hujjojin da ba su da kai balle gindi. Idan Dick ya ƙure shi ya rasa mafita, sai ya fashe da maganar da ta zama tambarinsu, ya ce ai dama Mama ta fi son ka. Daga nan gardama ta bar waƙa ta koma kan ƙuruciya, Tom yana ƙorafin cewa an ba Dick kare, shi kuwa kaza aka ba shi ya yi wasa da ita. Sau da yawa waƙar da aka fara ba a kai ƙarshenta sai bayan mintuna masu yawa, wani lokaci ma ba a kaiwa. Akwai wata da Tom yake ba da labarin ya faɗa cikin tukunyar cakulan yana ihu yana cewa gobara, da Dick ya tambaye shi dalili, sai ya ce wa zai zo ya cece shi in da cakulan ya yi ta kira?

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wanda yake fitowa a matsayin dolo shi ne babba, kuma shi ne jagoran sana'ar. Tom ne mai tsara wasa, mai zaɓen marubuta, mai jayayya da manyan kamfani. Dick ya fi son a gama aiki ya tafi tseren mota, wanda shi ne abin sha'awarsa.

Faifansu na farko ya fito a 1961, shekarar da suka fara bayyana a shirin dare na Jack Paar a talabijin, inda ƙasar duka ta san su. A 1965 tashar CBS ta sa su a wani wasan kwaikwayo da aka raba su da kayan kiɗansu, kuma bai wuce zango ɗaya ba. Tom ya fita daga wannan aiki da ƙudurin cewa ba zai ƙara yin shiri ba sai in shi ke da iko a kan abin da za a nuna, kuma da wannan sharaɗi ya karɓi tayin da ya biyo baya. Ranar 5 ga Fabrairun 1967 aka fara shirinsu na awa guda a daren Lahadi da ƙarfe tara, daidai lokacin da tashar NBC take nuna Bonanza, wanda shi ne shirin da ya fi kowane masu kallo a Amurka, kuma ya riga ya kayar da shirye-shirye da dama da CBS ta gwada a wannan lokaci. Ba a yi zaton za su kai labari ba, sai ga matasa sun yi musu caa.

Dalili kuwa shi ne Tom ya tara marubuta masu ƙananan shekaru, cikinsu har da Steve Martin da Rob Reiner waɗanda daga baya suka yi suna, ya kuma buɗe ƙofa ga mawaƙan da sauran shirye-shirye suke ɗari-ɗari da su. Yaƙin Biyetnam yana ci a lokacin, ana ɗibar samari aikin soja dole, kuma a hankali zancen yaƙin da na wariyar launin fata suka fara shiga cikin barkwancin. Nan rigima ta tashi tsakaninsu da sashen tace shirye-shirye na CBS. A watan Satumban 1967 suka gayyato Pete Seeger, mawaƙin da manyan tashoshi suka daɗe da ƙaurace masa bisa zargin kwaminisanci, ya rera wata waƙa a kan kyaftin ɗin da ya nace sai ya ratsa da sojojinsa cikin kogi alhali ruwa yana ta ƙara zurfi. Kowa ya gane da Shugaba Lyndon Johnson ake, sai tashar ta yanke waƙar. Tom ya kai ƙara wurin 'yan jarida, aka yi ta surutu, har a watan Fabrairun 1968 aka bar Seeger ya dawo ya rera ta. A wannan shekarar ce aka cire waƙar Harry Belafonte da aka haɗa da hotunan tarzomar babban taron jam'iyyar Dimokurat a Shikago, kuma a shekarar ce dai Pat Paulsen, wani ɗan wasan shirin mai fuskar shanu, ya yi takarar shugaban ƙasa ta zolaya. A farkon 1969 mawaƙiya Joan Baez ta sadaukar da waƙa ga mijinta da za a ɗaure, tashar ta bar maganar ɗaurin amma ta yanke inda ta faɗi dalili, wato ƙin shiga soja.

Shi kansa Johnson, wanda suka fi kowa caccaka, ya rubuta musu wasiƙa a ƙarshen mulkinsa yana cewa zama abin zolayar masu barkwanci yana cikin farashin shugabanci. Tashar ce ba ta iya jurewa ba. Ta kafa musu sharaɗin su riƙa miƙa kowane shiri kwanaki kafin ranar nunawa domin ƙananan tashoshi su duba, kuma a farkon Afrilun 1969, bayan ta riga ta amince da sabon zango, ta sallame su da hujjar cewa ba su kawo faifan wani mako a kan lokaci ba. Akwai masu zargin cewa hawan Richard Nixon mulki a watan Janairun shekarar yana da hannu a ciki, amma zargi ne. Abin da ya tabbata shi ne 'yan'uwan sun kai CBS kotu, kuma a 1973 aka yanke cewa tashar ta saɓa yarjejeniya, aka ba su dala 776,300.

Yawancin masu ba da labarinsu a nan suke tsayawa, kuma a ganina sun rage musu haƙƙi. Rigimar CBS ba ta cika shekara uku ba, alhali bayanta sun ƙara shekara 41 suna wasa, kuma waɗannan shekarun ne suke amsa tambayarka. Farkonsu bai yi daɗi ba. Shirin da suka yi a ABC a 1970 da wanda suka yi a NBC a 1975 duk ba su daɗe ba, kuma Tom da bakinsa ya faɗa daga baya cewa fushin korar ya cinye shi har ya daina ba da dariya na wani lokaci, ya koma mai wa'azin siyasa a duk inda aka ba shi makirufo. Sun ɗan rabu kowa ya gwada nasa, sun yi wasan dandamali tare a ƙarshen shekarun 1970, sannan suka koma ga abin da suka fara da shi: jita, babban goge, da gardamar wa da ƙane. Da wannan suka yi ta zagaya garuruwa, daga ɗakunan wasa na Las Vegas zuwa dandamalin da suke tsayawa a gaban manyan ƙungiyoyin makaɗa. A 1988 CBS ɗin da ta kore su ta sake ba su shiri, kuma a wannan zamanin ne Tom ya shahara da wasan yoyo, ɗan faifan nan da ke hawa da sauka a jikin zare, inda yake yin shiru yana sarrafa zaren Dick yana yi wa jama'a sharhi.

Barkwancin da aka gina a kan Johnson ko Nixon yana tsufa da tafiyar masu mulkin, har yaron yau sai an yi masa bayani kafin ya yi murmushi. Amma ƙorafin ɗan da yake ganin an fi son ɗan'uwansa ba ya bukatar bayani a kowane gida, kuma da suka yi furfura abin ya ƙara armashi, domin ganin dattijo ɗan shekara 70 yana ƙunƙuni a kan kazar da aka ba shi yana yaro ya fi ban dariya a kan jin haka daga bakin saurayi.

Sannan ina ganin ba a yaba wa Dick yadda ya kamata. Jama'a Tom suke yi wa tafi, shi kuwa Dick aikinsa shi ne ya tsaya ƙyam, kada ya yi dariya, ya ɗauki shirmen wansa da gaske kamar maganar da ta cancanci amsa, ya san daidai lokacin da zai yi shiru ya bar Tom ya ƙara nutsewa da lokacin da zai katse shi. In da ya yi garaje da daƙiƙa ɗaya, ko ya nuna wa jama'a cewa shi ma ya san wasa ake yi, da dariyar ta mutu. Mutumin da zai yarda ya shekara 51 yana share wa wani fage, kuma wanin nan wansa ne da suke saɓani na gaske a bayan labule, samunsa ya fi samun mai ban dariya wuya. Idan ɗalibanka biyun nan da ka ambata suna son su daɗe tare, wannan gurbin za ka fara dubawa, ka ga ko akwai wanda zai riƙe shi da zuciya ɗaya.

A 1969, lokacin da marubutan shirin suka ci lambar Emmy, wato lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, Tom ya riga ya cire sunansa daga jerin don gudun kada rigimarsa ta jawo musu asara. A 2008 aka ba shi tasa lambar ta girmamawa, kuma Steve Martin, wanda ya shigo shirin yana saurayi marubuci, shi ya miƙa masa. Sun yi wasansu na sallama da yawo a Las Vegas a watan Mayun 2010. Tom ya rasu ranar 26 ga Disamban 2023 a garin Santa Rosa na Kalifoniya yana da shekara 86, bayan fama da ciwon daji. Da yawa daga cikin wasanninsu suna nan a YouTube, kuma shawarata ita ce ka fara nuna wa yaran na farkon shekarun 1960, kafin zamanin rigimar, su lura da fuskar Dick a duk lokacin da Tom yake magana.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Malam Isa idan kun haɗu. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini,
Garba