Amsa ga mai gyaran sola da ya tambaye ni hasken silikon

Assalamu alaikum ƙanena.

A shirin rediyo na makon jiya ka ce: "Malam, farantin sola silikon ne, yana shan rana amma ban taɓa ganin ya yi haske ba. To yaya ka ce akwai silikon mai haske ja?" Lokaci ya ƙure ban ƙosar da kai ba, abin ya tsaya mini a rai.

Kana da gaskiya. Dunƙulallen silikon marowaci ne wajen haske. Kafin ilektiron, wato ɗan ƙwayar da ke ɗaukar lantarki, ya saki haske a cikinsa sai girgizar atom ta taya shi, kuma sau tari kafin a dace ƙarfin ya riga ya zama zafi.

A 1990 ne Leigh Canham, a garin Malvern na Ingila, ya sa asid ya ci silikon har ya koma kamar soso, ya haska shi, sai ga ja ƙarara. Sirrin yana ga ƙanƙantar ƙwayoyin silikon da suka rage a cikin soson. Ka san kalangu: in makaɗi ya matse shi a hammata, muryarsa sai ta ɗaga. Haka ilektiron yake idan ƙwayar silikon ta gaza nanomita 5, wato kashi 5 cikin miliyan na milimita. Wuri ya yi masa kaɗan, ƙarfinsa ya ƙaru, launin ya tashi daga ja ya doshi ruwan lemo da kore.

Siffa ma tana da tata. Ɗigon silikon yana matse ilektiron ta ko'ina, zare ya bar masa hanya ɗaya, shimfiɗa ta bar masa fili. Saboda haka a kauri ɗaya, ɗigo ya fi ɗaga launi.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne fatar ƙwayar. A 1999 masu bincike sun nuna cewa ƙwayoyin da ba su kai nanomita 3 ba, masu hasken kore ko shuɗi, haskensu yana karkata zuwa wajen ja da zarar sun sha iska, domin oksijin yana kama ilektiron a fatar. A ganina duk wanda ya ce maka girma kaɗai ke yanke launi, rabin zance ya ba ka.

Farantinka ma yana haske, ido ne ba ya gani. In aka tura masa wuta cikin duhu, kyamara ta musamman tana ɗaukar hasken, da haka masana'antu ke gano tsagar da ta ɓuya.

Wassalam,
Yayanka, malamin fiziks