Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Ma'anar Jagorancin Mata

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. A makon jiya, da aka gayyace ni wani shirin rediyo a kan aikin ƙungiyoyin taimakon al'umma, ka bugo waya ka tambaye ni ko wannan jagoranci da masu rajin kare haƙƙin mata muke ta magana a kansa ba dabara ba ce kawai ta tayar da namiji daga kujera a zaunar da mace. Ka ƙara da cewa tarukanmu a manyan otal-otal na Abuja muke yin su, da Turanci, kuma matar karkara da ake taron dominta ko ƙofar zauren ba ta sani ba. Lokacin labarai ya katse mu, na kuwa yi alkawarin ba ka amsa a rubuce.

Zan fara da zarginka na biyu, domin a nan gaskiya tana wajenka. Da hannuna na taɓa shirya taro a kan haƙƙin mata masu buƙata ta musamman a hawa na biyu na wani otal da na'urar hawansa ta lalace, sai da samari huɗu suka ciccibi babbar baƙuwarmu da kekenta suka hau da ita matakala, tana rufe fuska da mayafi saboda kunya. A lokacin an riga an sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun watan Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma a kan wannan dokar muka wuni muna jawabi. Babu wanda ya tilasta mini zaɓen wannan zaure. Na zaɓe shi ne saboda yana da sanyi kuma yana kyau a hoto.

Abin da nake nufi da wannan jagoranci shi ne yadda ake riƙe iko da yadda ake raba shi, kuma wurin da ake saurin gane shi shi ne tsarin taro. Wa ya zaɓi ranar, kuma ya duba ko ta faɗo a ranar kasuwa? Da wane harshe za a yi magana? Wa ya rubuta sanarwar bayan taro, kuma yaushe? Na sha ganin an buga ta tun kafin a buɗe taro da addu'a, ana jiran mahalarta su tafa kawai. Na sha ganin gaishe-gaishen manyan baƙi sun cinye safiya ɗungurungum, sa'an nan a ce wa ungozomar da ta kwana a mota ta taƙaita bayaninta cikin minti biyu saboda abinci ya iso. Mai goyo da ba a tanadar mata inda za ta shayar ba, da kurman da ba a kawo masa mai fassara da hannu ba, da matar da aka ce ta ci bashin kuɗin mota a biya ta bayan wata guda, duk an sallame su tun daga takardar gayyata, ko da sunayensu suna cikinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shawara ce da wani shugaba ya yanke, kuma mace tana iya yanke ta da muni kamar yadda namiji yake iyawa. Na yi aiki a ƙarƙashin shugabar da ba a isa a tambaye ta lissafin kuɗi ba, ban kuma ga abin da zamanta mace ya rage mana na wahala ba.

Ka ce abin baƙo ne. Kalmar feminizim, sunan da ake kiran rajin kare haƙƙin mata da Turanci, baƙuwa ce, ban musa ba, kuma ban damu a kira aikin da wani suna ba. Amma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira kowace mace ta iso gare ta ba. Ta naɗa jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ta ba kowacce malfa alamar amana, suna jagorantar 'Yan Taru, tsofaffi da 'yan mata waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, su karɓi karatu su kai wa matan aure har cikin gidajensu. Ta kuma tsara karatun cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa domin wadda ba ta iya Larabci ba ta haddace. Ta duba halin da mata suke ciki, ta gina tsarinta a kansa, ta kuma raba ikon koyarwa maimakon ta ƙanƙame shi. Da muna da rabin wannan basirar, da ba mu kai matar da ba ta jin Turanci zauren da za ta wuni tana gyangyaɗi ba. Ko ƙungiyar FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna a 1985, ƙarfinta ya fito ne daga rassanta na jihohi da makarantu da asibitocinta, inda mata suke haɗuwa a kusa da gida.

Duk da haka, kada ka ɗauka na ce kujerar ba ta da muhimmanci. Sai a 1976 matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Manufar ƙasa a kan daidaiton jinsi ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, amma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, kuma bayan zaɓen 2023 mata huɗu kacal suka zauna cikin sanatoci 109. Idan zauren da ake raba kasafin ƙasa haka yake, ba zan ji kunyar neman kujera ba. Ina dai cewa wadda ta samu, a tambaye ta wa ta buɗe wa ƙofa.

Akwai laifin masu ba da tallafi, waɗanda suka fi son rasit ɗin otal a kan na mai shayi saboda ya fi sauƙin shiga rahoto, amma ba zan fake da su ba, domin sau da yawa ba mu ma gwada roƙonsu a canja ba.

Taronmu na gaba a ajin wata makarantar firamare za mu yi shi, ranar Asabar da hantsi, a tashi kafin azahar. Da Hausa za a yi, babu teburin manya, za a ba kowa kuɗin motarsa a hannu tun da safe, an kuma sami dattijuwa biyu da za su kula da yara a inuwar darbejiya. Maza suna cikin waɗanda aka gayyata, domin yawancin matan da iznin mazajensu za su fito, kuma gara mijin ya ji da kunnensa. Ina roƙonka ka zo, kuma idan ba za ka damu ba, kai nake so ka riƙe mana agogo, ka tsayar da ni idan na wuce minti biyar ɗin da aka ba kowa.

Wassalam,
'Yar'uwarka a wannan aiki.