Wasiƙar godiya ga kamfanin da ya kafa mana rumfuna a bajen kolin Akra

Zuwa ga Alhaji Manaja da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne da yawun Magajiyarmu da sauran mata 'yan kasuwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango, waɗanda suka kasa kaya a babban bajen kolin da aka kammala kwanan nan a nan Akra, inda kamfaninku ya karɓi kwangilar kafa rumfuna da kula da masu baje kaya. Mun ga ya dace a fitar da ita fili kowa ya karanta, domin yabon gwani ya zama dole, kuma domin masu shirya irin waɗannan taruka su san cewa ana iya tsare lafiyar mai sayarwa ba tare da taro ya rasa kwarjininsa ba.

Baje koli ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Filin baje koli da ke unguwar La a nan Akra ya karɓi bajen kolin ƙasa da ƙasa na farko na Ghana a shekarar 1967, iyayenmu sun kai man kaɗanya da kayan fata da saƙar arewa can, mu kuma muka taso muka tarar. Tun da aka buɗe sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a wannan birni a 2020, aka kuma fara aiki da yarjejeniyar a watan Janairun 2021, taruka sun yawaita, muna kuma ganin masu saye daga Togo da Burkina Faso da Kodebuwa da Nijar da Najeriya fiye da da. Da yake ana sake gina filin La, da yawa daga cikin tarukan a sarari ake yin su ƙarƙashin tamfol. Abin da muka saba gani a wurare da dama shi ne a kashe kuɗi wajen ƙawata mazaunin manyan baƙi, waɗanda za su zo su yanke ƙyalle su tafi, a bar wadda za ta tsaya bayan tebur tun hantsi har bayan isha da kujerar roba ɗaya da ranar Allah. Ku ne kuka fara tunanin wannan mai tsayuwa, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Tun kafin a buɗe taro kuka turo ma'aikatanku har unguwa, suka zauna da mu, suka yi mana bayani da Hausa, suka nuna mana taswirar filin da inda rumfar kowa take. Sun ce kowa ta zo da katin ɗan ƙasa domin a yi mata shaidar shiga, masu sayar da abin ci da man shafawa kuma su riƙe takardun rajistarsu na hukumar kula da abinci da magunguna a kusa, kada babban mai saye ya tambaya a shiga lalube. Sun gargaɗe mu da sabon takalmi da mai tsini, suka ce mu nemi shimfiɗaɗɗe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mu sa tufafin auduga masu shan iska, mu ajiye leshi da gwaggwaro don ranar buɗewa kawai. Sun kuma shawarci kowace rumfa ta kasance da mutum biyu masu karɓar juna, tare da littafin rasidi da canji da maganin da mutum ya saba sha. An tsara a kai kaya da asuba kafin cunkoson motoci ya tashi a Sakul, wato mahadar Kwame Nkrumah, da hanyar Kanda, kuma motarku ta zo a lokacin da aka faɗa. Waɗannan shawarwari suna da sauƙin faɗi, amma ba mu taɓa samun wanda ya ɗauki ɗawainiyar zuwa ya faɗa mana su ba.

Ranka ya daɗe, duk wadda ta taɓa wuni a tsaye kan siminti ta san yadda ciwon yake tasowa daga diddige ya hau gwiwa ya tare a ƙugu, har washegari mutum ya kasa sunkuyawa ya yi alwala. Kun shimfiɗa katako a ƙasan kowace rumfa, kuka ɗora darduma mai kauri a kai, sannan kuka ba mu doguwar kujera wadda mai sayarwa za ta zauna a kanta fuskarta tana daidai da ta mai saye, ba sai ta riƙa zabura tana miƙewa duk lokacin da wani ya tsaya ba. Manya daga cikinmu, waɗanda ƙafafunsu kan kumbura kafin la'asar, su ne suka fi kowa yaba wannan.

Sai maganar zafi, wadda ta shafi jikinmu da dukiyarmu a lokaci guda. Zafin Akra da gumi yake zuwa saboda damshin teku, tamfol kuma idan aka yi shi ƙasa ƙasa aka rufe gefensa, riƙe zafi yake yi kamar tandu. Man kaɗanya yana fara sakin jiki da zarar zafi ya kusanci na jikin ɗan Adam, idan kuma ya narke ya sake daskarewa sai ya yi tsaki tsaki, mai saye ya ɗauka tsoho ne ko an yi masa haɗi. Sabulu yakan yi gumi, takardar da aka manna a kwalba ta ɓare, kuma a irin haka 'yan'uwanmu sun sha yin asara a baya. Ma'aikatanku sun ɗaga rufin sama sosai, suka bar tazara a ƙoli inda zafi zai fita, suka jera rumfunan ta yadda iskar da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma za ta bi ta tsakanin layuka. Masu mai da sabulu kuma aka ba su gefen da rana ba ta dukansa da yamma, aka ƙara musu fanka. A ganina wannan ya nuna cewa akwai wanda ya zauna ya tambayi abin da kowa ke sayarwa kafin ya raba wuri, kuma mutumin nan, ko wane ne shi a cikinku, muna gaishe shi gaisuwa ta musamman.

Akwai wata magana da mata ba su cika faɗi a bainar jama'a ba, amma zan faɗe ta domin a nan kuka fi taimakonmu. A irin waɗannan taruka mata da yawa da gangan suke ƙin shan ruwa, saboda ban ɗaki yana da nisa, ko babu tsabta, ko an haɗa maza da mata, ko kuma babu ruwan tsarki. Mace za ta wuni da ƙishirwa a cikin zafi, kanta ya yi ta sarawa, jiri ya kama ta, ta fara gajen haƙuri da masu saye, a ce ba ta iya ciniki ba. Raba ruwan leda kyauta ba ya warware wannan, muddin dalilin ƙin shan yana nan. Ku kun keɓe mana namu ban ɗakin a kusa da layinmu, da ƙofa mai sakata, da butoci, da ruwan da bai yanke ba, da sabulu, kuka sa wata baiwar Allah tana kula da shi tun safe har a tashi. Da muka ga haka sai kowa ta saki jiki ta sha ruwa daga tankunan sanyi da kuka ajiye a bakin kowane layi. Wannan mata mai shara ta yi aikin da ba a tafa wa, muna roƙon ku isar mata da godiyarmu baki da baki.

Haka kuma kun tanadi wurin salla mai inuwa da tabarmi, na maza daban na mata daban, an sa alamar alƙibla, wurin alwala kuma an zuba masa tsakuwa don kada ya zama taɓo. Ranar Juma'a kun ba da mota ta kai masu tafiya Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda ta dawo da su, masu gadinku kuma suka tsaya a kan rumfunan da masu su suka tafi. A bayan fili kun kafa rumfar cin abinci inda ake samun koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, don haka babu wadda ta ci abinci a ɓoye ƙarƙashin tebur tana jin kunyar masu wucewa.

A yau rabin cinikin mai kasa kaya a cikin wayarta yake, domin yawancin masu saye da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, suke biya, idan kuwa caji ya ƙare ciniki ya tsaya. Kun sa soket a kowace rumfa, kuka binne wayoyin wuta ƙarƙashin katako yadda babu mai yin tuntuɓe, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta janaretonku, wanda kuka ajiye can nesa saboda ƙara da hayaƙi, yakan karɓa nan take. Wani matashi daga cikin ma'aikatanku ya bi rumfa rumfa yana tunatar da mu kada mu saki kaya don saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa, sai mun duba asusunmu mun ga kuɗi sun shiga, saboda masu turo saƙon ƙarya sun fi son wurin cunkoso. Shi ne kuma ya yi mana tafinta da Faransanci lokacin da masu saye daga Lome da Abijan suka zo neman sari.

Da yammacin da hadari ya haɗo, gaban da yawa daga cikinmu ya faɗi, domin duk mazaunin Akra yana tuna ambaliya da gobarar daren 3 ga Yunin 2015 a Sakul, kuma mun san yadda ruwa ke cika hanya a ɗan lokaci a garin nan. Ashe kun riga kun haƙa magudana a gefen rumfunan, kun ɗaure turaku da kyau, katakon ƙasa kuma ya ɗaga kayanmu daga ruwa. Kafin ruwan ya tsuge ma'aikatanku sun sauke labulen gefe, sun kashe wutar layukan da ke waje, suna tafe suna kwantar mana da hankali. Ko kwali ɗaya bai jiƙe ba a layinmu. Da dare kuwa kowa ta kulle kayanta a ma'ajiyar da kuka tanada, ta karɓi takardar shaida, ta tafi gida ta yi barci.

Ba zan rufe ba sai na ambaci 'yan matan nan masu dako, kayaye, waɗanda yawancinsu daga arewacin ƙasar nan suka zo, kuma a kansu kayanmu ke shiga fili su fita. A wasu wurare korarsu ake yi daga bakin ƙofa da zarar sun sauke kaya, ko da jariri a bayansu. Ku kun ba su shaidar shiga, kun ba su baro domin kaya masu nauyi, kun tsayar da kuɗin dako tun farko don kada a cuce su, kun bar su sun sha ruwa sun huta a inuwar da muke hutawa. Magajiyarmu ta ce ko da wannan kaɗai kuka yi, ya isa a rubuta muku wasiƙa. Ita ma malamar jinya da kuka zaunar a rumfar agajin gaggawa ta auna hawan jinin duk wadda ta je, ta kuma tura wata dattijuwarmu asibiti a kan lokaci.

Amfanin duk wannan a cinikinmu ya fito fili, domin masu sari da wakilan manyan shaguna sukan zo ne da yamma bayan sun tashi daga aiki, lokacin da a da muke zama a galabaice ba mu da ƙarfin bayani. A wannan karo sun same mu da sauran kuzari da sakin fuska, mun yi magana a tsanake, wasunmu kuma sun samu odar da har yanzu suke haɗawa.

Muna da roƙo guda biyu idan Allah ya kai mu taro na gaba. Na farko, a faɗaɗa ɗakin masu shayarwa, a sa masa fanka ta biyu, domin masu goyo sun fi yawan da aka yi tsammani. Na biyu, a yi gangara a bakin katakon rumfuna saboda masu keken guragu, waɗanda muka ga suna tsayawa daga waje suna miƙo hannu alhali sun zo da kuɗinsu. Magajiyarmu da wasu daga cikinmu za su zo ofishinku a mako mai zuwa domin a tattauna wannan, idan lokacinku ya ba da dama.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kamfaninku albarka.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
Sakatariya, a madadin Magajiya da matan kasuwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango, Akra