Awannin jira da ba a lissafawa a jigilar abinci ta jirgin sama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wata sana'a da mutane ke ƙara shiga, wato aika abinci mai saurin lalacewa zuwa ƙasashen waje ta jirgin sama, mai sanyi ne ko daskararre. Na shafe shekaru ina aikin haɗa kaya da cike takardun jigila, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda sababbin 'yan kasuwa ke ɗauka cewa da zarar sun biya kuɗin jirgi magana ta ƙare, tunda tafiyar da jirgin ruwa zai yi a makonni jirgin sama zai yi ta a awa takwas. Saurin gaskiya ne, domin da shi ne kifin salmon na Norwe ke isa kasuwannin Japan ba tare da an daskarar da shi ba, da shi ne kuma koren waken Kenya ke isa Turai da ɗanyensa. Sai dai a iya abin da na gani, yawancin asara a ƙasa ake yin ta, kafin tashi da bayan sauka.

Mai kaya yana miƙa su a rumbun filin jirgi awanni kafin lokacin tashi, a auna su, a bincike su, a jera su a kan faranti na musamman a ɗaure da raga, sannan a ja su zuwa gindin jirgi, inda suke iya zama a kan kwalta cikin rana har sai an gama lodin wasu kayan. Idan akwai yada zango a wata ƙasa, sai a sake sauke su, su sake jira. Bayan sauka kuma ga kwastan, ga jami'an lafiya, ga motar da za ta ɗauka. Da haka tafiyar awa takwas take komawa ta kwana biyu, alhali mai kaya ya yi shirin sanyi na awa goma sha biyu kacal.

Nama da kifi da kayan madara masu sanyi ana so su zauna tsakanin digiri 0 da 5 a ma'aunin Salshiyos, daskararru kuma kada su haura digiri 18 ƙasa da sifili. Daga digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta suke samun sarari, har wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kayan da suka narke a hanya aka mayar da su firiza, domin a ido sun koma lafiya lau, amma sanyi dakatar da ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya warware ɓarnar da suka riga suka yi. Kifin tuna da danginsa idan suka sha ɗumi suna tara wani sinadari mai suna histamin, wanda dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana kwantar da wanda ya ci. Ya kamata a sani kuma cewa akwatin farin soso da jakunkunan sanyi ba sa sanyaya kaya, riƙe sanyin da kayan suka zo da shi kawai suke yi, saboda haka dole abinci ya yi sanyi har cikinsa kafin a rufe akwati. Ba kuma kowane abu ne ke son tsananin sanyi ba, ayaba tana lalacewa idan ta daɗe ƙasa da digiri 13.

Inda nake so in tsaya sosai shi ne batun busasshiyar ƙanƙara, wadda da ita aka fi riƙe daskararrun kaya. Ita ba ruwa ba ce, iskar kabon dayokzaid ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifili, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska. Kilo ɗaya yana fitar da iska kimanin lita 500. Idan aka toshe akwati ruf, iskar tana iya fasa shi. Idan kuma ta taru a wurin da ba mafita, tana iya sumar da ma'aikaci ko ta kashe dabbar da aka ɗauko a ɗaki ɗaya na cikin jirgin. Shi ya sa aka sanya ta a rukuni na 9 na kaya masu haɗari, da lambar UN 1845, kuma ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a bar wa iskar hanyar fita, a rubuta nauyin ƙanƙarar a jikin akwati da kuma a takardar jigila. Fasinja ma kilo 2.5 kawai aka yarda ya ɗauka a kayansa, shi ma da amincewar kamfanin jirgi. Duk da haka akwai masu rage adadin a rubuce don gudun ƙarin kuɗi ko dogon bincike. Wannan ba wayo ba ne, wasa ne da ran mutanen da za su buɗe ƙofar ɗakin kaya, domin da abin da aka rubuta ake lissafa yawan da jirgi zai iya ɗauka lafiya. Ƙanƙarar ruwa kuwa kamfanoni da dama ba sa karɓar ta sai an naɗe ta yadda ba za ta yi yoyo ba, saboda ruwan kifi mai gishiri yana cin ƙarfen jirgi.

Wasu kuma kauri na akwati suke ragewa, don sun gano cewa ba nauyin sikeli kaɗai ake caji ba, ana duba girma, inda a yawancin lissafi kowane santimita kubik 6,000 (wato tsawo sau faɗi sau tsayin akwati) yake zaman kilo ɗaya. Abin da suka rage a nan bai kai ko kusa da abin da za su rasa ba idan jirgi ya yi jinkiri.

Takardu su ne suka fi riƙe kaya. Kayan gona suna buƙatar shaidar lafiyar tsirrai, nama da kifi kuma shaidar lafiya daga hukumar ƙasar da suka fito. Amurka tana so a sanar da hukumar abinci da magungunanta kafin kaya su iso, Tarayyar Turai kuma ba ta barin kayan dabba su shiga sai ta tashoshin bincike da ta ware. Na taɓa rasa lodin kifi guda saboda adadin akwatunan da ke takardar shaida ya bambanta da na takardar jigila da akwati ɗaya. Kayan sun sauka da yammacin ranar ƙarshe ta aiki, kafin a gyara takarda hutun ƙarshen mako ya shiga, sanyin ya ƙare. Ban manta da muryar mai kayan a waya ba, kuma tun daga ranar nake aika wa mai karɓa kwafin kowace takarda ya duba kafin kaya su bar rumbu.

Mai kayan nan ya ɗauka kamfanin jirgi zai biya shi, kamar yadda da yawa suke ɗauka. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan sufurin jirgin sama tsakaninsu, ta ƙayyade diyyar kaya bisa nauyi ne, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 iyakarta SDR 26 ce a kan kowane kilo (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya), wato dalar Amurka 30 da 'yan kai, sai fa idan an bayyana darajar kayan tun farko an biya ƙari. Kamfani ba ya ɗaukar alhaki idan daga haɗin kayan matsalar ta taso, kuma ƙorafin lalacewa dole a rubuta shi cikin kwana 14 da karɓa. Saboda haka nake shawartar kowa ya yi inshorar da ta ambaci katsewar sanyi ƙarara, ya kuma jefa ƙaramar na'urar nan mai rubuta yanayin zafi a cikin akwati, domin ita ce za ta nuna awar da sanyi ya katse da kuma hannun da kayan suke a lokacin.

Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zauna yini guda a rumbun kaya na wani filin jirgi, ya tambayi ma'aikata ko ɗakin sanyinsu yana aiki dare da rana, da kuma minti nawa kaya ke yi a kan kwalta kafin a loda su, sannan ya kawo wa masu karatu abin da ya gani.

Naku,
Wani mai karatu, ma'aikacin jigilar kaya