Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Teloli da Marina

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Zaman wata-wata bai yanke ba bana, sai a watan azumi da muka ɗaga saboda ɗinkin sallah. Kuɗin wata kuwa har yanzu ana jan ƙafa. Ma'aji zai karanto lissafi a zama mai zuwa, kowa ya zo da shirinsa.

Aikin da ya ci mana lokaci shi ne kwat ɗin karammiski. Matasanmu masu ɗinka wa 'yan fim kaya ne suka kawo shawarar a kwaikwayi doguwar kwat mai launin shunayya da Gene Wilder ya saka a fim ɗin Willy Wonka na 1971, don a koya wa almajirai aikin da ba su saba ba. Wasu dattawa sun ce wasan yara ne. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Asarar farko a Kantin Kwari muka yi ta. An sayo farin karammiski, mai shago ya rantse auduga ce zalla. Aka kai Ƙofar Mata aka tsoma, ya fito kamar an wanke shi da bula. Ashe roba ce, kuma roba ba ta shan baba ko za ta kwana bakwai a rijiya. Wani tsohon marini ya yanki ƙyalle ya kusanta da ashana: ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin. Auduga da ta ci wuta sai ta bar toka, tana warin ƙonanniyar takarda. Daga yau duk wanda aka aika sayen yadi ya tafi da ashana a aljihu.

A karo na biyu aka samu na auduga. Shunayyar kwat ɗin tana da ja-ja a cikinta, don haka aka fara da shuni, tsomi kaɗan, sannan aka bi da jar galura. Almajiran da ba su taɓa zuwa karofi ba sun tsaya baki buɗe ganin yadi ya fito kore daga rijiya, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gabansu. Wurin nan tun 1498 ake rini a cikinsa da baba da toka da katsi, ga shi 'ya'yan Kano sai bana suka gani. Bugu dai an hana, domin karammiski ba shadda ba ce. Sanda ɗaya ta sauka, gashin ya kwanta ke nan.

A ɗinki ma mun sha darasi. Gashin karammiski yana da inda ya fuskanta. Wani yaro ya juya hannun kwat ɗaya wajen yanka don ya rage ɓarnar yadi, sai hannun dama ya fito da duhu, na hagu da haske, kamar daga yadi biyu. Dole aka sake yanka. Keke kuma yana sa yadin ya zame, sai da aka fara kama kowane layi da allurar hannu. Dutsen guga bai taɓa fuskar kwat ɗin ba, tururi kawai aka ba shi ta ciki. Shafi da kwala manyan telolinmu ne suka haɗa, Allah ya saka musu.

A gaskiya launin ya ɗan fi na fim duhu, amma da hasken rana ya yi kyau ƙwarai. Kwat ɗin na rataye a ofis. Mai son gani ya zo, amma a shafa da hannu mai tsabta.

Mun yi rashin mambobi biyu bana, Allah ya jiƙansu da rahama. Ragowar karammiskin za a yi gwajin alkyabba da shi baɗi, masu sha'awa su ba da sunansu kafin zama na gaba.

Sakatare