Uba mai rainon 'ya'yansa: wa ke ƙirga shi, kuma da wane ma'auni?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan iyaye maza da ke zaune gida suna rainon 'ya'ya yayin da matansu ke fita aiki. Duk sanda aka ɗauko labarinsu sai a jero alƙaluma daga Amurka, ba mai tambayar yadda aka yi ƙirgen.

Sharuɗɗan hukumar ƙidayar Amurka masu tsauri ne. Kafin ta saka mutum a wannan rukuni, sai ya kasance yana da aure, yana da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, ya yi shekara cur bai yi aiki ba kuma bai nema ba saboda kula da iyali, matarsa kuma ta yi shekarar cikakkiya tana aiki ko tana nema. Da wannan ma'auni, a 2012 an samu kusan mutum dubu 200. Cibiyar bincike ta Pew ta duba wannan shekarar, ta ce miliyan 2 ne. Ninki goma! Dalili kuwa, Pew ta haɗa duk uban da ke zaune da 'ya'yansa bai yi aikin kuɗi ba a shekarar, ko mene ne sanadi. Cikinsu kashi 35 cikin ɗari rashin lafiya ko nakasa ce ta zaunar da su, kashi 23 aiki suka rasa, kashi 21 kacal suka ce raino ne ya zaunar da su.

Ni kuwa ba na cikin lissafin ko ɗaya, da a can nake. Uwar yarana ma'aikaciyar jinya ce, wani makon aikin dare, wani makon na rana. Ni ke yi wa ƙaramar wanka, ni ke kai manyan makaranta in ɗauko su, ni na san ranar rigakafi. Amma idan sun yi barci nakan hau keken ɗinki in ɗan samu na kashewa. Wannan ɗinkin kaɗai ya isa ya fitar da ni daga duka ƙirge biyun. Uban da matarsa ta rasu ya bar aiki don marayunsa ma, hukumar ƙidayar ba ta ganinsa, tunda ba mata a bakin aiki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a rahotannin da hukumar ta riƙa fitarwa kan rainon yara, uwa ake ɗauka a matsayin mai alhakin yaro. Idan ta tafi aiki uba ya riƙe shi, sai a rubuta shi cikin jerin masu taya raino, layi ɗaya da kaka da gidan raino. Mutum da ɗan cikinsa!

Masu talla ma haka suke kallonmu. A 2012 kamfanin Huggies mai yin ƙunzugun jarirai ya yi tallar da ke nuna cewa babban gwajin ƙunzugu shi ne a bar jariri a hannun ubansa. Iyaye maza suka yi ca, har aka canza tallar. A Birtaniya, a 2019, hukumar kula da tallace-tallace ta hana wata talla ta cuku mai suna Philadelphia inda aka nuna iyaye maza biyu sun shagala da abinci har suka bar jariri kan bel mai juyawa da ke kawo abinci a gidan cin abinci. Idan kuma ba a mai da uba sakarai ba, sai a mai da shi gwarzo: a ɗauki hotonsa yana goye da yaro a yi ta yabo, alhali uwar da ta yi shekara goma tana wannan aikin ko sannu ba a ce mata. Ni yabon ma kunya yake ba ni.

Don haka, Malam Edita, in za ku sake buga irin wannan labari, ku sa wakilinku ya faɗa mana wace hukuma ce ta yi ƙirgen, wa ta saka, wa ta cire. In kuma zai zanta da uba, ya bar tambayarsa ko abokai na yi masa dariya. Ya tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, da abin da yake yi idan zazzaɓi ya kama yaro tsakar dare uwar tana asibiti wajen aiki.

Wassalam,
Wani tela mai karanta jaridarku