A auna cuta kafin a sha jiƙo ko a haɗiyi ƙwaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu sa baki a gardamar da ake ta yi a Zariya kan maganin gargajiya da na asibiti. Mu ma'aikatan lafiya ne, kuma abin da ke ci mana rai shi ne ana ta musun wanne ya fi, mara lafiya na kwance ba a auna abin da ke damunsa ba.

Ba mu raina itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibiti ke bayarwa yau daga tazargade aka samo shi, kuma 'yar ƙasar Sin da ta ciro sinadarin ta sami kyautar Nobel a 2015. Sai dai ƙwayar tana da ma'auni. Ƙwayar artemether-lumefantrine mai ƙarfin 20/120 (lambar da ke rubuce a jikin kwalin), babba zai sha 4 nan take, ya ƙara 4 bayan awa 8, sannan 4 safe 4 yamma har kwana biyu, 24 ke nan, da madara ko abinci mai maiƙo don ta shiga jiki sosai. Jiƙo kuwa, ƙarfin kofin yau daban, na gobe daban. Zazzaɓi zai lafa, cutar na nan a jini, ta sake tasowa.

Hawan jini ya fi ba mu tsoro. Mai talla da lasifika zai ce kwalba ɗaya na maganin hawan jini da suga da basir da sanyi. Mutum ya ajiye ƙwayarsa don ba ya jin ciwon komai, alhali wannan cuta ba ta sallama, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Wanda awonsa ke kai 140/90 a ranaku daban-daban, kada ya bar magani sai da shawarar likita, kuma in yana shan wani jiƙo ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar gargajiya ma ba shaidar tana warkarwa ba ce.

Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji da turawa. Iyayenmu mata, don Allah, in mai jego ta fara kumburin ƙafa da haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, a bar kunun a kai ta asibiti a ranar.

Ɗori ma haka. Akwai masu ɗorin da suka iya, amma a ɗauki hoton ƙashi tukuna. Bayan an ɗaure, a danna farce: in jininsa bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsu sun yi sanyi sun mutu, ɗaurin ya datse jini, a kwance shi a garzaya asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta ɗori ba ce sam.

To, likitan fa? Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. A sha layi tun asuba, a sallame ka cikin minti biyu ba bayani. Kowane zazzaɓi a ce taifot ne, alhali gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da ita, ga mutum ya yi ta haɗiyar ƙwayoyin da bai buƙata. Kuma ba duk mai farar riga ne likita ba. Mai kemis da ke ƙarin ruwa a bayan kanti ya wuce gona da iri. Haƙƙinka ne ka tambaya: wane gwaji ya nuna cutar, mene ne sunan maganin, kwana nawa zan sha, yaushe zan dawo in ban ji sauƙi ba? In bayanin bai gamsar da kai ba, ka ɗauki takardun gwajinka ka ga wani likitan. Wanda kuma aka yi wa sakaci ya kai ƙara Majalisar Likitoci ta MDCN, ita ke ba da lasisi, ita ke ƙwace shi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Zariya